Baƙon da Ke Cikin Ɓargo

Shekara ashirin ina ƙirga buhunan albasa a kasuwar Aliero,
ban taɓa sanin ana ƙirga jini ba.

Da loma uku abin ya fara.
Kulu ta tuƙa tuwon shinkafa, miyar kuɓewa da kifin Yawuri,
na yi loma uku na ture kwano.
Ta ce, mi na yi maka?
Na ce ba ke ba ce,
wani abu ne ya tare ƙarƙashin haƙarƙarin hagu
kamar an kife mini ƙoƙo a ciki.
Da dare gumi ya jiƙa tabarma
alhali yara suna jan bargo.

A Birnin Kebbi likita ya danna wurin, ya ce saifa ce.
Ya dubi takarda, ya dube ni, ya koma kan takarda.
Malam Arzika, ɓargonka na ta haihuwa ba ya yaye,
fararen ƙwayoyi sun cika gida.
Sankarar jini ce, mai tafiyar hawainiya.
Na ce, ana rabuwa?
Ya ce, ana zama da ita.

To, mun zauna.
Shekara huɗu ke nan, ba ta biya hayar ɗaki ba.

Ƙwaya ɗaya bayan tuwon dare, da moɗa cike da ruwa.
In na sha ba ci, cikina ya juya kamar dawa a turmi.
Da asuba fatar ido ta kumbura,
ina alwala ina lalube.
Wani dare sha-raɓa ta ɗaure ni a zaman tahiya,
na yi sallama da haƙora a cije.

Sai fatata ta soma haske.
Nomau ɗan dako ya ce, Alhaji, hutu ya karɓe ka,
ko man Kulu kake sata?
Na yi dariya har da tari.
Wa zan tsaya yi wa bayani ana tsakar loda mota?

Duk wata uku, Sakkwato.
Kuɗin mota, kuɗin gwaji, buhu biyu sun tafi.
Yarinyar da ke ɗibar jini ta san jijiyata fiye da ni,
ba ta ma dubawa, hira take yi.
Lambar da suka rubuta nakan naɗe ta a cikin hula.
In ta sauka, na sayo wa yara ƙuli-ƙuli.
In ta hau, na yi shiru har mu wuce Jega
ban lura an zarce da ni ba.

Gwaggo Ige ta aiko da sassaƙe a gora.
Na yi godiya, na sa mata albarka.
Gorar tana bayan randa har yau.

Watan da magani ya yanke a asibiti
na zube sauran a kan buzu, guda goma sha ɗaya.
Na ɗauko reza zan mai da su ashirin da biyu.
Hajo ta shigo da fitila, ta tsaya.
Baba, wannan ba goro ba ne.
Ranar kasuwa ta ja tunkiyarta da kanta,
ta dawo da igiya a hannu,
ba ta ce komai ba, ni ma haka.

Yanzu da hantsi nakan hau rudu in juya albasa.
Ba a barin ta ta kwana biyu ba a duba ba,
ka tsince mai laushi, ka ba saura iska,
sai ta kai ka damina.
Ina hutawa sau uku inda dā ban zama.

Jiya wani ɗan Anacha ya ba ni kafin alƙalamin kayan baɗi.
Na juya kuɗin a hannu, na juya.
Na karɓa.

Ga wayar nan ta fara ƙara, takwas ta yi.
Hajo, kawo moɗa.